Kamfani Ɗa da Kamfani Uwa: Bayani ga Jama'ar Wamakko

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar Wamakko ya san masana'antar siminti ta Kalambaina. Wani ya yi lebura a can, wani ya tuƙa tirela, wani dillalin siminti ne, wani kuwa gonar kakansa ce ta shiga cikin filin. Amma in ka tambayi mutum goma sunan kamfanin da suka yi hulɗa da shi, tara za su ce maka "kamfanin siminti" su yi shiru. Wannan shirun ne ya sa aka rubuta takardar nan.

Akwai kalmar da ke yawo a jaridu da takardun ciniki, Turawa suna ce mata sabsidiyari. Kada ka haɗa ta da sabsidi, wato tallafin man fetur da aka janye a 2023. Kama da wane ba ta wane. Ma'anarta kamfanin da wani kamfani ke riƙe da akalarsa. Mai riƙon shi ne uwa, wanda aka riƙe shi ne ɗa. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta nuna hanyar gane shi: in wani kamfani ya mallaki fiye da rabin hannun jarinsa, ko kuwa shi ke da ikon naɗa daraktocinsa da sauke su, to ya zama ɗansa.

Sau da yawa za ka ji an fassara kalmar da "reshe". A ganina wannan fassara ɓad da mutane take yi. Reshe shi ne kamar ofishin banki na Sakkwato: ba shi da rajistar kansa, bashinsa bashin bankin ne. Kamfani ɗa kuwa yana da sunansa, da lambar rajistarsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, da daraktocinsa, da littafin kuɗinsa. Yana iya kai ƙara, ana iya kai shi. Kwatanta shi da saurayin da ya yi aure aka ware masa sashensa, aka rubuta sunansa a takardar haraji. Maganar mahaifinsa na da nauyi a gidansa, amma in ya ci bashin ɗan tireda, ba a kama tsohon sai in shi ya tsaya masa.

To, mu koma Kalambaina. An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya, CCNN, a 1962, ya fara aiki a 1967, gwamnati ce mai shi. A 2000 aka sayar da kaso mai tsoka ga Scancem na ƙasar Norwe, wanda shi kansa yana ƙarƙashin Heidelberg na Jamus. A 2008 kamfanin Damnaz ya saye wannan kaso, kashi 50 da 'yan ɗigo cikin 100. Ka lura da ɗigon nan, shi ya ba shi akala. Ba a jima ba BUA na Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u ya saye Damnaz ɗin ɗungurungum. Ka ga ke nan CCNN ɗan Damnaz, Damnaz ɗan BUA: simintin Sakkwato ya zama jika. Duk wannan sauyin hannu, lebura yana nan yana ɗaukar buhu, sunan da ke kan takardar albashinsa bai canza ba, don kamfanin bai mutu ba, masu shi ne suka sauya.

Daga baya labari ya sha bamban. BUA ya gina sabuwar masana'anta da sunan wani ɗansa, Kamfanin Siminti na Kalambaina, aka buɗe ta a 2018, a ƙarshen shekarar aka haɗe shi da CCNN. Sannan aka haɗe CCNN da kamfanin siminti na Obu da ke jihar Edo, aka sami BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2020. Tun daga wannan haɗewar babu kamfani mai suna CCNN. Masana'antar Kalambaina ta koma ɓangare na BUA Cement, masu hannun jarin tsohon kamfani aka musanya musu da na sabon.

Me ya sa manyan 'yan kasuwa ke haifar kamfanoni haka? Babban dalili shi ne kada gobarar ɗaki ɗaya ta cinye gida. In ɗa ya karye, asarar uwa ba ta wuce jarin da ta zuba ba, sai fa in ta sa hannu ta lamunce bashinsa, ko kotu ta gano an kafa shi ne don a cuci mutane. Akwai kuma sauƙin neman rance da sauƙin sayarwa. Haka abin yake a ko'ina: Google ɗan Alphabet ne tun 2015, MTN ta Nijeriya kuwa uwarta na Afirka ta Kudu.

Wannan tsari halal ne a doka, amma talaka ya buɗe ido. BUA Foods mai sukari da taliya da BUA Cement suna ɗaya suka tara, rajista kowa da tasa. Bashin wannan ba a bin wancan. Haka ɗan kwangilar da ke kawo leburori ko motoci masana'anta, shi ba ɗa ba ne, ba reshe ba, baƙo ne da aka yi jinga da shi. In shi ya ɗauke ka, shi za ka bi haƙƙinka, ko da kullum ƙofar masana'anta kake shiga.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in za ka sa hannu a takardar aiki, ko ta dillanci, ko ta diyyar gona, dubi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, ka adana kwafinka. In ba ka iya karatun boko ba, nemi ɗanka ko malamin makarantar garinku ya karanta maka kafin ka dangwala.