Darasi: Wayar Hannu Da Bin Sawun Ayyukan Mazaɓa A Kankiya Da Kusada

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata ya shafi wayar hannu, da yadda za ta taimake mu mu san abin da aka rubuta za a yi mana da dukiyar jama'a. Ba mu ce kowa yana da babbar waya ba, amma da wuya a sami unguwa a Kankiya ko Kusada wadda ba ta da saurayi ɗaya ko biyu masu shiga intanet. Wannan ya ishe mu farawa.

Kankiya, Kusada da Ingawa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Kowace shekara akan sa ayyuka cikin kasafin kuɗin tarayya da sunan mazaɓu irin tamu: rijiyar burtsatse, ajujuwa, ɗakin shan magani, fitilu masu aiki da hasken rana. A dā takardar kasafin tana can Abuja, talaka ba ya ganin ko bangonta, saboda haka in aiki ya zo sai a yi godiya kamar kyauta ce, in bai zo ba kuma babu wanda ya san an taɓa ware masa kuɗi. Yanzu Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana sa takardar a intanet. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, ta buɗe Tracka a 2014 domin tsamo waɗannan ayyuka jiha-jiha, da sunan wuri da adadin kuɗi.

Ko wannan yana da amfani? Mu dubi abin da ya faru a maƙwabtanmu na Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinariya, yara fiye da 400 suka rasu. Aka tsabtace waɗansu ƙauyuka, amma Bagega ta Ƙaramar Hukumar Anka ta rage, domin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari bai fito ba. Likitocin MSF suna a shirye, sai dai ba za su iya fara magani ba tun ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba, gama yaron da aka warkar zai koma ya sake shan gubar a tsakar gidansu. A 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka fara yunƙurin Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Suka je Bagega da ƙafafunsu, suka ɗauki hotuna, suka ji ta bakin iyaye, suka yi ta bazawa a Twitter da Facebook suna ambaton alkawarin da waɗanda suka yi shi. Da taimakon waɗansu ƙungiyoyi da 'yan jarida, aka saki kuɗin a farkon 2013, aikin tsabtacewa ya kankama.

Mu lura, ba yawan surutu ne ya kawo wannan ba. Sun san abin da aka yi alkawari da nawa ne, sun je sun gani da ido, kuma ba su gaji da tambaya ba.

To, a ce an sami layi a kasafi mai cewa za a haƙa burtsatse a wani ƙauyen Kusada. Sai mai waya ya karanta wa jama'a da Hausa, domin takardun nan da Turanci suke, kuma wannan shi ne babban shingen da ke gabanmu. Sai a sanar da mai unguwa da dagaci, a je wurin mutum uku ko huɗu, a ɗauki hoto a rubuta ranar. In babu aiki, ko an fara an bari, a rubuta wasiƙa cikin ladabi zuwa hukumar da aka ba aikin da ofishin ɗan majalisa, a ajiye kwafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon tambaya ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Sau da yawa ba a amsawa. Duk da haka wasiƙa mai kwanan wata shaida ce, kuma hukumar ICPC tana bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019.

Haka ma kason ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan wallafa abin da aka raba wa kowace ɗaya, har da Kankiya da Kusada, kowa yana iya dubawa kafin ya je gaban kansila.

Akwai gargaɗi. Wayar da ke kawo kasafi ita ce ke kawo jita-jita, kuma hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba yana iya haɗa unguwa biyu faɗa kafin faɗuwar rana. Kada mu tura abin da ba mu tabbatar ba, kada kuma mu kira mutum ɓarawo alhali abin da muka sani kawai shi ne famfo ba ya kawo ruwa. Wani lokaci kuɗin ne ba a saki ba ko da yake yana rubuce. Kada kuma mu yi aikin mu kaɗai. Mu kaɗan ne a wannan yanki, kuma da mu da maƙwabtanmu Musulmi layi ɗaya muke bi a bakin rijiya, don haka a gayyace su tun daga zama na fari. Mata kuwa, su da suka fi kowa sanin ranar da famfo ya tsaya, yawancinsu ba su cikin zaurukan WhatsApp. Sai a bi su a tambaye su.

Kafin taro na gaba, muna roƙon matasan kowace ikilisiya su nemo aiki guda ɗaya tak da aka rubuta wa gundumarsu cikin kasafin bana, su zo da sunansa, da kuɗinsa, da hoton wurin.