Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Jirgin Faiba da Katakonsa Ya Ruɓe

Keffi ba garin jirgi ba ne, kuma rafin Antau ba ruwan inji ba ne. Amma daga nan hanya ta miƙe ta Nasarawa har Loko, bakin kogin Binuwai, inda jirgi ke ci da gidaje. Idan ka samu tsohon jirgin faiba da araha a can ko a Umaisha, kana iya jawo shi Sabon Gari ka gyara a bayan gida, domin kafinta da mai gyaran bambar mota, waɗanda su ne 'yan aikin, suna kusa da kai.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne faiba ba ta ruɓewa. Katakon da aka binne a cikinta ne ke ruɓewa: allon baya inda ake rataya inji, dogayen katakan da suka bi cikin jirgin daga baya zuwa gaba, da daɓen da ake takawa. Ruwa yana shiga ta ramukan noti, ya kwanta shekara da shekaru, waje fes, ciki dusa. Wanda ya shafa sabuwar faiba a kan wannan ya yi kitso da ƙwarƙwata.

To, ɗauki ƙaramar guduma ka bi jikin jirgin da ƙwanƙwasa. Wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bif. Inda ka yi shakka, huda ɗan rami daga ciki. Garin katako fari busasshe alheri ne. Idan baƙi ya fito da danshi, yi wa wurin alama da alli.

Kada ka yanka komai tukuna. Waɗannan katakan su ke riƙe da surar jirgin, da ka cire su sai ƙoƙon ya saki. Cire injin da tankin mai, ka ɗora jirgin a kan katakai a ƙasa mai daidai, ka tokare shi ta ƙasa da gefe, ka gicciya sanduna biyu ko uku daga baki zuwa baki. Auna faɗinsa a wurare da dama ka rubuta. Masu gaggawa a nan suke yin gyaran gangar Auzinawa: su gama aiki tsaf, jirgi ya shiga ruwa yana ja gefe guda, kuma babu magani sai a sake farkewa.

Sai yanka. Ɗaga daɓen, ka kwashe soson da ke ƙarƙashinsa in ya sha ruwa. Allon baya daga ciki ake farke shi, a bar fatar waje yadda take, domin ita ce ma'aunin sabon allon. Kankare ruɓaɓɓen katakon kaf, ka goge da giranda har sai faiba mai tsabta ta bayyana. Ƙurar nan muguwa ce. Sa takunkumi, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu, in ba haka ba ka kwana kana susa.

Daga nan ka bar shi ya bushe, sati biyu ko fiye, a inuwa mai iska. Shi ya sa na fi son a fara aikin nan da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Rezin, wato gam ɗin da ake manna faiba da shi, da danshi ba sa ga maciji, wanda ya yi aikin da damina ya zubar da kuɗinsa.

Wajen katako kada ka yi rowa. Nemi filawud na ruwa, wanda gam ɗinsa ba ya saki. In bai samu a Keffi ba, leƙa kasuwar katako ta Dei-Dei a Abuja. Yanki guntu ka tafasa shi awa guda a tukunya, idan ya ɓare ba shi ba ne, ko me mai shago ya rantse. Fitar da surar allon a kwali, ka yanka biyu masu kaurin milimita 18 ka manne su. Inji mai ƙarfin doki 40 yana kai kilo 70, ga tunkuɗarsa, duka a kan allon nan. Shafe kowane katako da rezin, musamman bakin yanka, wanda ya fi shan ruwa.

Haɗin rezin yana son natsuwa. Mililita 10 na ruwan daskararwa ya ishi kilo guda na rezin a zafin Keffi, da sanyin safiya kana iya kaiwa 20. Auna da sirinji, ido yana ƙarya. Idan an sayar maka da wani ruwa mai launin shuni daban, wanda ke hanzarta kamawa, shi za ka fara juyawa cikin rezin. Kada ka kuskura ka haɗa shi kai tsaye da ruwan daskararwa, yana iya tashin wuta. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin cikin minti 15 zuwa 20 ya fara kamawa. Kowace murabba'in mita ta tabarmar faiba mai giram 450 tana shan rezin kilo guda da ɗan ɗori, da haka za ka yi lissafin sayayya.

Goge wurin da asiton, shafa kwaɓin rezin mai kauri, ka manna allon a jikin fatar waje ka matse. Cike kusurwoyi su yi lanƙwasa, saboda tabarma ba ta kwanciya a kusurwa mai kaifi. Shimfiɗa tabarma uku ko huɗu, kowace ta zarce ta ƙasanta faɗi a jikin jirgin, kana bi da rola. Farin tabo iska ce, kore ta tun rezin bai kama ba. Haka za ka yi wa dogayen katakan, ɗaya bayan ɗaya, kana duba awon da ka rubuta. Bar musu ƙofar ruwa ta ƙasa don ya gangara baya, sannan ka mayar da daɓe.

Ramukan noti su suka kashe jirgin tun farko. Huda kowanne ya fi notin faɗi, cike shi da kwaɓin rezin, in ya daskare ka sake huda daidai a tsakiya. Ruwa ba zai ƙara taɓa katako ba.

Ba shi mako guda kafin fenti da inji. A Loko, fara saka shi a bakin gaɓa babu kaya, ka zauna awa guda kana duban ciki. Sai ka tayar da inji, wani ya sa ido a kan allon baya, in ya motsa ko kaɗan a fito. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto. Saya wa kowane fasinja tasa kafin ka karɓi kuɗin fito na farko.