Amsoshin Tambayoyinku: Wasannin Intanet Za Su Gyara wa Yarana Rubutu?

Wata uwa da ke karantar da 'ya'yanta biyu a gida, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 9, ta aiko mana da tambaya. Ta ce yaran suna karanta Turanci ba laifi, amma da zarar an ce su rubuta sai haruffa su rikice musu. An ba ta shawarar ta sa su wasannin intanet na koyon sifelin, wato jera haruffan kalma daidai, shi kuwa maigida yana ganin ɓata lokaci ne. Shin wasannin nan suna da amfani?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya mana su. Suna da amfani ƙwarai, muddin kin ɗauke su wurin bita. Koyarwar kanta tana hannunki.

Ki fara kwantar da hankalinki, domin abin da kike gani ba alamar rashin ƙwaƙwalwa ba ce. Turanci yana da haruffa 26 ne kacal, amma sautukansa sun kai kusan 44, don haka sauti ɗaya kan zo da rubutu iri-iri. Dubi "see" da "sea", furuci ɗaya, rubutu daban. Dubi kuma "though" da "through" da "tough", ƙarshensu ɗaya a takarda, a baki kuwa kowace da nata. Ga shi kuma karatu ya fi rubutu sauƙi. Mai karatu gane kalma kawai yake yi in ya gan ta, mai rubutu kuwa sai ya zaƙulo ta daga kansa, harafi bayan harafi.

Wannan zaƙulowar ita ce maganin. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada ɗalibai, suka ga waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Malaman tsangaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa cikar alaramma ita ce ya rubuta da ka abin da ya haddace.

To da wannan ma'auni za ki zaɓi wasa. Ki zauna kusa da yaron ki ga me wasan yake nema daga gare shi. In kalmomi uku ake jera masa ya taɓa wadda take daidai, amfanin kaɗan ne, don canki-canka ma yana iya kai shi ga nasara, ga shi kuma idonsa yana sabawa da rubutun kuskure. Wanda ya fi shi ne wanda za a furta kalma, allon ya zama wayam, yaro ya buga haruffan da kansa, a nuna masa inda ya kauce nan take, sannan kalmar da ta ba shi wuya ta sake dawowa gobe ko jibi. A nan na'ura ta fi mu haƙuri, ba ta gajiya da maimaici, ba ta tsawa, yaro mai jin kunyar kuskure yakan saki jiki da ita.

Ga ƙaramin, wanda har yanzu yake haɗa sauti da harafi, akwai Starfall, da Teach Your Monster to Read da aka yi a Ingila, da Khan Academy Kids da ba a biya kuma babu talla a ciki. Babbar kuwa za ta fi cin moriyar shafuka irin su Wordwall da Quizlet, inda ke ce za ki zuba kalmomin da kike so. Ni na fi son wannan tsari, domin kalmomin za su fito ne daga kurakuran da kika gani a littafinta. Ki haɗa su dangi-dangi, kamar "light" da "night" da "fight", ki bayyana mata ƙa'idar tukuna, sannan ta shiga wasa.

Akwai abin lura. Yawancin wasannin nan na Amurka ne, kuma tun zamanin ƙamusun Noah Webster na 1828 Amurkawa suke rubuta "color" inda Turawan Ingila ke rubuta "colour". Littattafan makarantun Nijeriya da Gana tsarin Ingila suke bi, don haka ki duba kafin yaro ya saba. Ki kuma kashe abin nan na waya da ke ƙarasa wa mutum kalma ko ya gyara masa ita, in ba haka ba wayar ce ke sifelin, yaron yana kallo.

Maigida ma yana da gaskiyarsa. Yaro yana iya shagala da tara taurari da kyaututtukan wasa, ya tashi ba kalma ko ɗaya a kansa. Minti goma zuwa sha biyar a rana sun wadatar, kuma kullum kaɗan-kaɗan ya fi a tara a yi sa'a biyu ranar Asabar. In an gama a ajiye waya a ɗauki fensir ki yi musu shifta, ki faɗi jimla su rubuta. Abin da ya fito daidai a takarda shi ne aka koya.

Kada kuma ki ji cewa karatun gida zai bar su a baya. Zaila Avant-garde, yarinyar da ta lashe babbar gasar sifelin ta Amurka a 2021 tana da shekara 14, a gida aka karantar da ita.

Roƙona gare ki shi ne kada Hausa ta sha kashi. Ki sa musu madannin Hausa a waya, Gboard yana da shi, ki zuba kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ a cikin wasan, su san bambancin "ƙafa" da "kafa", da "ɗaki" da "daki-daki". Ki jarraba wannan tsari na wata guda, sannan ki rubuto mana yadda aka kwashe.