Ludo: kafin ka girgiza kofi, ka iya ƙirga

Ƙanena, na gaji da jin "yau ba ni da sa'a" duk daren da aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida nan Sule Tankarkar, aka haska fitilar sola, aka fito da allon ludo. Sa'a tana nan, ban musa ba. Amma yawancin cinyewar da ake maka rashin ƙirga ne. Wasan hira nake nufi. Na kuɗi caca ne, ba ruwana da shi.

1. Riƙe lamba 36. Dayis ɗaya fuska shida gare shi. Mu kuwa biyu muke jefawa, shida sau shida ke nan, hanya 36. Gobe da safe yagi takarda, ja gida shida a tsaye, shida a kwance, ka rubuta jimillar kowane gida. Minti biyar ya isa.

2. Daina fushi da shida. Cikin 36 ɗin nan, 11 ne kawai ke ɗauke da shida, ba 12 ba, don shida-shida sau ɗaya ake ƙirga ta. Ka yi jifa uku a jere babu shida? Wajen sau ɗaya cikin uku haka ke faruwa da kowa. Kuma kofi ba ya tuna bashi: ko jifa goma ka yi a banza, na gaba 11 cikin 36 ne. Hura iska a kofi da buga shi a gwiwa ba sa ƙara komai.

3. Nan maganar take: duba tazarar wanda ke bayanka. Idan yana da 'ya'ya biyu ko fiye a waje, zai iya cin ka da dayis ɗaya ko da jimillar biyun. Taku 1 a gabansa, hanya 11 gare shi. Taku 2, hanya 12. Haka take hawa ɗaya-ɗaya har taku 6, inda ta kai 16, kusan rabi. Ƙara taku ɗaya tak, ka tsaya a 7, sai ta faɗo zuwa 6. Taku 10 hanya 3, taku 12 hanya ɗaya tilo. Ka ga wanda ya matsa taku biyar yana murna ya tsere, bakin kura ya kai kansa. In ba za ka wuce shida ba, gara ka manne masa. In kai ne mai farauta, juya lissafin: zauna taku biyar ko shida a bayansa.

4. Ɗa ɗaya ya rage masa a allo? Labari ya canza. A ƙa'idar da aka fi bi, dole ya tafi da jimilla. Yanzu 7 ce mai haɗari, 6 cikin 36, sai 6 da 8 masu biyar-biyar. Ku daidaita ƙa'ida tun kafin a fara, kada gardama ta tashi a tsakiya.

5. Gwada dayis ɗinka. In ka sayo sabo a Gumel ko kasuwar Maigatari ran Alhamis, jefa shi sau 120 kana rubutawa. Kowace fuska ta zo wajen sau 20. Sha bakwai ko 24 ba komai ba ne. In wata ta kai 40, duba ko gefensa ya ɓantare.

Af, kada ka raina abin. Wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi wa juna a Faransa a 1654 kan wasan sa'a su ne tushen wannan ilimi, kuma shi ne ke fito muku a lissafin WAEC da NECO. Takardar nan mai gida 36 ka adana ta cikin littafinka.

6. Ludon waya irin Ludo King dayis ɗaya ne. Can kowace lamba ɗaya ce cikin shida, taku 1 da taku 6 haɗarinsu ɗaya, mataki na uku bai shafe shi ba.