Kafin Ka Shafa wa Ƙofar Nan Baƙin Fenti

 Mahaifiyarka ta ce gini ya kai ga fenti, kuma ka kafe sai ƙofar shiga ta zama baƙa, ita kuwa ranta bai kwanta ba. Ta ce in yi maka magana. Zan yi, amma ba irin wadda take so ba, don ni ban ga laifin baƙar ƙofa ba. Camfin da wasu ke yi cewa baƙi yana jawo wa gida wani abu ba shi da tushe. Rigar Ka'aba ma baƙa ce, kuma ba a taɓa cewa ta rage wa ɗakin kwarjini ba. Wannan ka bar ni da ita. Ni abin da ya dame ni rana ce da ƙura.

Na san inda ka gano ta. Hotunan gidajen Turai da Amurka ne, farin bango, baƙar ƙofa mai sheƙi, mariƙin tagulla yana walƙiya. Akwai kyau, ba musu. Wadda ta fi shahara ita ce ta gidan Firaministan Birtaniya, lamba 10 a titin Downing da ke Landan. Amma ka san hidimar da ke bayanta? Bayan harin da 'yan ƙungiyar IRA suka kai wa gidan a 1991 aka cire ta itace aka sa ta ƙarfe, kuma akwai wata irinta sak a ajiye, ta yadda idan aka ciro ɗaya don sabunta fenti sai a maƙala ɗayar. Gwamnati ce ke kula da sheƙin nan da kake gani. A Amurka kuma kamfanin dillancin gidaje na Zillow ya fitar da wani nazari a 2018 da ya nuna gidaje masu ƙofa baƙa ko mai ruwan gawayi sun fi tsada da sama da dala 6,000 a kan abin da aka zata. Wannan kasuwarsu ce, kuma kai ba sayarwa za ka yi ba, zama za ka yi da iyalinka. Landan kuwa a tsakiyar lokacin zafinsu da kyar ake wuce digiri 25 a yawancin ranaku. Mu nan Kano a watan Afrilu 40 ba labari ba ne.

Baƙin fenti yana shanye kusan duk hasken ranar da ya sauka a kansa, ya mayar da shi zafi, alhali fari yana mayar da mafi yawansa waje. Idan ƙyauren ƙarfe ne, kuma rana ta dake shi awa biyu ko uku, zai yi zafin da babba ma sai ya naɗe hannu da gefen riga kafin ya tura. Ka tuna da yaranka da za su dawo daga makaranta su jingina da shi suna bugawa. Zafin kuma ba ya tsayawa a waje. Ƙarfe yana kai shi ciki, ya ci gaba da huro shi falo har bayan magariba, lokacin da kowa ke neman iska. Sannan ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi: ƙyaure mai tsawon mita 2 da zafinsa ya ƙaru da digiri 40 yana ƙara kusan milimita 1. Kaɗan ne a ido, amma idan mai walda ya matse shi da firam, ya isa ya sa sakata ta riƙa cijewa da yamma ta saki da asuba, ka yi ta zargin makulli alhali ba ruwansa. Na itace kuwa fuskarsa ta waje tana bushewa fiye da ta ciki, sai ya fara lanƙwasa, fenti ya tsage.

Saboda haka tambayar da nake so ka fara amsawa ita ce: ina ƙofar take kallo? Je ka tsaya a bakinta ka lura da alƙibla, ka ƙirga daga nan. Idan yamma take kallo, nan wuyar take, don ranar da ke faɗowa daga azahar zuwa la'asar sakaliya tana dukan ƙofa kai tsaye, daidai lokacin da gari ya riga ya ɗau zafi. Ta gabas tana shan ranar hantsi, da ɗan sauƙi. Kudu da arewa su ne masu dama a wurinmu, saboda a watannin bazara rana kusan a tsakiyar ka take wucewa, ba ta samun bangon da ke tsaye sosai. Ta kudu sai da hunturu take shan rana, lokacin da ba wanda ke ƙorafi. Ta arewa kuwa kusan duk shekara a inuwa take, sai 'yan watannin ƙarshen bazara da damina. In ƙofarka arewa take kallo, shafa baƙinka ka huta.

In kuma yamma ce, ba sai ka fasa ba, ka saya mata inuwa. Baranda mai faɗi, ko rumfa a samanta, ko ka dasa darbejiya a inda inuwarta za ta faɗo da la'asar. Iyayenmu ba su karanta lissafin nan ba amma sun san shi. Dubi tsofaffin gidajen cikin birni a nan Kano, ko Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram. Ƙyauren yana can ciki cikin kaurin bangon zaure, mai duhu ne, itace da ɗaurin ƙarfe da manyan ƙusoshi, amma rana ba ta cika ganinsa ba. Adon kuma a bango suke zuba shi, a zanen da ke kewaye da bakin ƙofa. Yanzu mun koma bulo mai inci shida, muna liƙa ƙofa a fuskar bango ba ko hular kwano a kanta.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ta tun daga ƙasar Chadi, fara sol, ta sauke a kan komai. A kan ƙofa mai ruwan ƙasa sai ta kwana uku ba ka lura ba, a kan baƙa kuwa ka goge da safe, kafin azahar yaran unguwa sun samu allon rubuta sunayensu. Ka san halin baƙar mota da hunturu, to haka ne. Wa zai riƙa gogewa? In kana nufin ɗora wa matarka ne, tambaye ta tukuna. A goge kuma da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, don busasshe yana jan ƙurar ta kankare fentin.

Kan aikin kansa ba zan tsawaita ba. Kada ka yarda mai fenti ya fesa baƙi a kan ƙarfe tsirara. A goge tsatsa da samfefa, a sa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa, a bar shi ya bushe, sannan a yi shafi biyu na fentin mai na waje. A yi da sassafe ko a inuwa, don fenti a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake ta sama kafin ya kama, daga baya ya yi bororo. Mai sheƙi sosai yana tona duk inda walda ta yi tudu ko guduma ta lotsa, wanda ba shi da sheƙi ko kaɗan kuma yana riƙe ƙura. Na tsakiya ya fi. Ka shafe saman ƙyauren da ƙasansa, inda ido ba ya kaiwa, don ta ƙasa ruwan damina ke fara cin sa. In kuma ta kanti za ka saya, irin na Turkiyya ko na Sin da suka cika kasuwa, tambayi mai shagon ko ta waje ce, don wasu lulluɓinsu na leda ne mai kama da itace, rana na ɗaye shi. Ka sa ƙwan fitila a samanta, domin da dare baƙar ƙofa ɓacewa take, mai sallama ma sai ya lalubi inda zai buga.

Kafin ka biya kuɗi, karɓi guntayen ƙarfe biyu wurin mai walda. Ɗaya a shafa masa baƙi, ɗaya launin toka mai duhu ko ruwan ƙasa mai duhu, waɗanda daga nesa kusan kwarjininsu ɗaya da baƙi, ƙura kuma ba ta cika nunawa a kansu ba. Jingine su a bakin ƙofar ka bar su kwana biyu, ka zo bayan la'asar ka taɓa kowanne, ka kuma dubi fuskarsu. Ka je da matarka, ita ma ta taɓa. Abin da kuka tsayar ka faɗa mini ranar Juma'a in ka shigo gaisuwa, sai in san yadda zan yi da mahaifiyarka.