Ƙaro: Daga Kurtun Tawada Zuwa Ƙwayar Magani

Duk wanda ya zauna a makarantar allo, ko a Hayin Banki cikin Kaduna ko a wani gari, ya ga yadda ake haɗa tawada: a daka gawayi, a jiƙa ƙaro, a gauraya. In babu ƙaro, gawayin kwanciya zai yi a gindin kurtu, rubutun kuma ba zai kama allo ba. Wannan aiki na riƙe abu shi ne ya kai ƙaro masana'antun haɗa magunguna na duniya.

Ƙaro ruwa ne mai danƙo da itacen ɗakwara ke fitarwa idan an tsaga ɓawonsa da rani, domin ya toshe raunin. Sai ya daskare ya zama dunƙule. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi, sai Cadi da Nijeriya, musamman jihohin Borno da Yobe da Jigawa. A Gashuwa ma akwai tashar bincike a kan nomansa.

Masana kimiyya suna sa ƙaro cikin jinsin sinadaran da ake kira folima, wato sinadari mai kama da carbi, wanda aka jera ƙananan ƙwayoyi dubbai suka zama sarƙa guda. Ƙwayoyin sarƙar ƙaro nau'o'in sukari ne, da ɗan furotin kimanin kashi 2 cikin 100. Sashen sukarin yana son ruwa, furotin ɗin kuwa yana manne wa mai. Saboda haka ƙaro kan lulluɓe ɗigon mai ya hana shi haɗuwa da 'yan'uwansa. Da wannan hali ne ake amfani da shi a maganin tari na ruwa, a kuma ɗaure garin magani ya zama ƙwaya wadda ba ta marmashewa a kwalba amma tana narkewa a ciki. A jikin kayan abinci da abin sha ana rubuta lambarsa E414.

Tarihin ƙaro a asibiti yana da darasi. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, wani masanin aikin jiki na Ingila, William Bayliss, ya ba da shawarar a narka ƙaro kashi 6 cikin 100 a ruwan gishiri a ɗura ta jijiya ga sojojin da suka zubar da jini. An yi amfani da shi a fagen fama. Daga baya aka gano ƙaron yana taruwa a hanta, wasu kuma jikinsu ba ya karɓarsa, sai aka daina. Abin da ke da lafiya a baki ba lallai ne ya zama da lafiya a jijiya ba.

Bincike bai tsaya ba. A 2015 masana a Hartum suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa masu cutar sikila 47, waɗanda suka riƙa shan giram 30 na ƙaro kullum har mako 12. An ga ƙaruwar irin sinadarin jinin nan na jarirai wanda ke rage lanƙwashewar jajayen ƙwayoyin jini. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, ƙananan halittun da ke cikin babban hanji suna ruɓar da ƙaron su fitar da wani sinadari mai zaburar da jiki. Sai dai gwajin ƙarami ne, kuma ba a kwatanta da wasu marasa lafiya da ba su sha ba. Don haka kada mai sikila ya bar maganin likita ya koma ga ƙaron kasuwa.

Ga gwajin da malami zai iya yi a aji. A sami kwalabe biyu, a zuba ruwa rabi da cokali ɗaya na man gyaɗa a kowace. A narka garin ƙaro cokali biyu a ɗaya, a girgiza su sosai, a ajiye. Ɗalibai su duba agogo: a wace kwalba mai ya riga tasowa sama, kuma bayan minti nawa? Su rubuta abin da suka gani, sannan su bayyana dalili.