Amsoshin Tambayoyinku: Motocin Ocado Sun Cika Titi, Me Ya Karya Hannun Jarinsa?

Tambaya: Ina aiki a Birmingham ta ƙasar Ingila. A unguwarmu ba a wuni ba ka ga motar Ocado ta kawo wa wani gida cefane ba, amma da na duba hannun jarin kamfanin sai na tarar ya zube warwas. Wani abokin aikina ya ce tsadar tafiyar da kasuwanci ce ta karya shi, in yi nesa da shi. Wani kuma ya ce ai yanzu ne lokacin saye tunda ya yi araha. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Daga wani mai karatu a Birmingham.

Amsa: Abokan nan naka kowa da gaskiyarsa, domin ba kamfani ɗaya suke kallo ba. Sunan Ocado ɗaya ne a kasuwar hannayen jari ta Landan, amma sana'a biyu ce a ƙarƙashinsa, kuma motar da kake gani ta ƙaramar ce a idon masu zuba jari.

Wasu tsofaffin ma'aikatan bankin Goldman Sachs su uku ne suka kafa kamfanin a 2000, cikinsu har da Tim Steiner, wanda ya zama shugabansa. Sana'arsu ta farko ita ce cefane, amma ba su buɗe kanti ko ɗaya ba. Mutum ya zaɓi kayansa a intanet, a haɗa a sito, a kawo masa ƙofar gida. A Yulin 2010 suka shiga kasuwar hannayen jari a kan fam 1.80 kowane hannu, kuma sai a shekarar kuɗi ta 2014 suka fara ganin ribar shekara, ita ma 'yar kaɗan. A 2019 suka sayar wa Marks & Spencer rabin sashen cefanen a kan kuɗin da zai iya kaiwa fam miliyan 750. Ka ga ke nan ko motar unguwarku rabinta kawai ke hannun masu jarin Ocado.

Ɗaya sana'ar ita ce sayar da fasaha. A cikin siton Ocado an shimfiɗa ƙarafa gida-gida a saman dubban akwatuna da aka jera wani kan wani. Ɗaruruwan na'urori masu taya, kowace ba ta fi injin wanki girma ba, suna gudu a kan ƙarafan, suna giftawa da juna saura ƙiris su yi karo. Wannan ta zaro akwatin madara, waccan ta taliya, su kai inda ake zuba kaya a jaka, cefanen gida guda ya haɗu cikin 'yan mintuna. Wannan tsari Ocado ke gina wa manyan kantunan wasu ƙasashe, su riƙa biyansa: Casino a Faransa, Sobeys a Kanada, Coles a Ostireliya, Aeon a Japan. Ranar da aka sanar da yarjejeniyarsa da Kroger na Amurka a Mayun 2018, wadda aka yi maganar sito har 20, hannun jarin ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 kafin a tashi kasuwa. Da annobar korona ta kulle mutane a gida, farashin ya doshi fam 29, har a Satumban 2020 darajar Ocado ta ɗan zarce ta Tesco na wani lokaci, alhali Tesco na riƙe da fiye da rubu'in cinikin cefanen Birtaniya, shi kuwa Ocado bai kai kashi biyu ba. Babu mai hankalin da ya biya wannan kuɗi saboda tumatir da burodi. Alƙawarin gobe aka saya.

To, mu zo kan tsadar da abokinka na farko ya ambata, domin gaskiya ce. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, makamashi ya yi tashin gwauron zabo a Turai. Kamfanin da na'urorinsa ke cin wuta dare da rana, firjinsa ba ya hutawa, motocinsa na shan mai, dole ya ji a jikinsa. Akwai ma wani abu da mai saye ba ya lura da shi: busasshiyar ƙanƙarar da ake sawa cikin kayan sanyi don kada su narke a hanya. Da iskar kabon ake yin ta, ita kuma iskar galibi daga masana'antun takin zamani take fitowa. Da gas ya yi tsada masana'antun suka rage aiki, ƙanƙarar ta yi wuya, har Ocado ya ambace ta da suna cikin abubuwan da ke cinye masa kuɗi. Ga albashi: mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ya kai fam 12.21 a Afrilun 2025, a watan da kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15.

A ɗaya gefen kuma aljihun mai saye ya yi rauni. Hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, ta abinci ta haura kashi 19 a Maris na 2023. Mutane suka koma kantunan araha irin su Aldi da Lidl, waɗanda suka tsaya kuma suka rage yawan abin da suke zubawa a kwando. Nan ne ciwon mai kai kaya gida yake. Ko kwandon ya cika ko rabi ne, direba ɗaya ne, man ɗaya ne, hawa benen ɗaya ne. A 2022 Ocado ya yi asarar kimanin fam miliyan 500 kafin haraji, a 2023 kusan miliyan 400.

Amma a nawa ganin ba nan gizo ke saƙar ba. Tesco da Sainsbury's ma sun sha tsadar wuta da albashi, hannun jarinsu bai yi irin wannan faɗuwa ba. Tsadar da ta fi kassara Ocado ita ce ta kuɗi kansu. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023. Ka ɗauki mutumin da ya ci bashi ya dasa gonar mangwaro: sai ya yi shekaru yana ban ruwa kafin ya tsinki ɗa ɗaya. Muddin bashin na da sauƙi, kowa zai yaba masa hangen nesa. Ranar da mai bashi ya ninka abin da yake karɓa, sai a fara tambayarsa yaushe itacen zai yi 'ya'ya. Haka Ocado yake kashe maƙudan kuɗi wajen gina sito tun kafin abokin hulɗa ya fara biya sosai. Bashin fam miliyan 600 da ya karɓa a ƙarshen 2019 ruwansa bai kai kashi ɗaya ba. Da ya je sabunta bashi a 2024, wani ɓangare a kan kashi 10.5 ya samo shi. A tsakiyar shekarar farashin hannun ya sauka ƙasa da fam 4, aka kuma cire kamfanin daga jerin manyan kamfanoni ɗari na FTSE 100.

Masu ganin a saya suna da hujjarsu. Sun ce cinikin sashen cefanen ya farfaɗo, har ya yi ta zama kan gaba wajen saurin bunƙasa a tsakanin kantunan Birtaniya. Sun ce fasahar ba tatsuniya ba ce, tunda a 2023 kamfanin AutoStore na Norway, wanda suka yi ta shari'a da shi kan haƙƙin ƙirƙira, ya yarda ya biya Ocado fam miliyan 200. Sun ƙara da cewa duk lokacin da albashi ya ƙara tsada, na'ura na ƙara daraja, don haka tsadar da ke cizon Ocado a yau ita za ta turo masa kwastomomi gobe.

Masu ganin a guje kuwa cewa suke, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Fiye da shekara 20 ana jira, kamfanin bai taɓa raba wa masu hannun jari riba ba, kuma ya sha komawa wurinsu neman ƙari, kamar a Yunin 2022 da ya tara fam miliyan 575 ta hanyar fitar da sababbin hannaye, abin da ke rage kason wanda ya riga ya saya. Ocado ya daɗe cikin kamfanonin da aka fi yin caca a kan faɗuwarsu a Landan, wato mutum ya ari hannun jari ya sayar, ya jira ya karye, ya sayo da araha ya mayar wa mai shi. Babbar hujjarsu ita ce abokan hulɗar sun fara ja da baya. Sobeys ya dakatar da siton da zai buɗe a Vancouver a 2024, sannan a Nuwamban 2025 Kroger ya sanar zai rufe uku daga cikin nasa. Ni dai wannan hujja ta fi nauyi a wurina, domin katafaren sito sai inda gidaje suka cunkushe kuma oda ke zuwa ba ƙaƙƙautawa yake biyan kansa.

Game da maganar araha, Malam, faɗuwa daga fam 29 ba ta nuna cewa abu ya yi araha. Wataƙila can baya ne aka yi masa tsadar da bai cancanta ba. Idan kuma kana duba halasci kafin ka sa kuɗinka, ka sani kantin na sayar da giya da naman alade, ga bashi mai ruwa a kansa, sai ka tuntuɓi malamin da ka amince da shi. Ba zan ce maka saya ko kada ka saya ba. Kamfanin kan fitar da rahoton shekara a wajajen Fabrairu, na rabin shekara a Yuli. Ka tsallake shafukan farko masu hotuna, ka nemi inda aka rubuta tsabar kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita bayan an cire na gine-gine, da ranar da kowane bashi zai cika da ruwan da ke kansa, da kuma ko akwai abokin hulɗar da ya ba da odar sabon sito a shekarar.